Minti Uku a Gaban Kwamiti

"Ɗaga ƙafar, Mista Voss. Ba waccan ba, wadda ta fi kumbura."

"Duk biyun nawa ne, zaɓi wadda ta yi miki."

Lorna Pavlik na tsaye a bakin ƙofar kicin ɗin maƙwabcinta riƙe da tukunyar miyar kaza, ta rasa inda za ta ajiye, don teburin ya cika da kwalaben magani da tsofaffin jaridun kasuwar shanu. Twyla, nas ɗin garin, ta durƙusa a gaban kujerar tsohon ta danna babban yatsanta a ƙwaurinsa. Da ta ɗage, gurbin yatsan ya ƙi cikewa. Su ukun suka zuba wa ramin ido.

"Kamar kwaɓin burodi," in ji Delmar Voss. "Lorna, matso ki gani ko ya isa gashi."

"Ina gani daga nan."

Twyla ba ta yi dariya ba. Ta ɗora masa abin sauraro a baya, ta ce ya ja numfashi, ya sake ja. Sannan ta zauna a kan dugaduganta ta dube shi.

"Zuciyar ta gaji. Ba na jin za ka ga girbin alkamar bana."

"Na riga ki sani. Ke sai da kika yi karatu kafin ki gane." Ya sauke ƙafar a hankali, da hannu biyu. "Abu ɗaya nake so, kuma na faɗa miki tun kaka. A nan. A ɗakin can aka haife ni, a nan matata Ardith ta cika. Ba zan je birni in mutu cikin rigar nan tasu mai buɗaɗɗen baya ba, ina nuna wa baƙi abin da ba su tambaya ba."

"Ni ma haka nake so," Twyla ta ce. "Amma ka san inda matsalar take."

Kowa a Dunlow ya san inda matsalar take. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rufe asibitin gundumar, aka bar musu ɗan ɗakin shan magani a gefen gidan waya, da Twyla a ciki. Ita ke ɗinke wanda waya mai ƙaya ta yaga, ita ke gano ciwon suga tun mai shi bai sani ba. Karatunta ya kai ta duba mara lafiya ta rubuta masa magani, sai dai dokar jiha ta ce dole a samu likitan da zai sa hannu cewa tana ƙarƙashinsa. Dakta Ostrander ne ke sa hannun. Sau ɗaya a wata yake zuwa, ya sha kofi, ya duba takardu, ya koma. Yanzu ya kai saba'in da takwas, idonsa ya soma dushewa, ƙarshen Maris zai ajiye aiki ya koma wurin 'yarsa. Daga ranar, ko maganin tari Twyla ba ta da ikon rubutawa.

"Gwamnatin tarayya ta ce za ta ɗauki nauyin jinyata a gida in jiha ta yarda da hannun da ya rubuta," in ji Delmar. "Jiha ta ce a tambayi likita. Likita ya ce shi ya tafi kamun kifi."

Akwai wani ƙudurin doka a majalisar jiha da zai bar irin su Twyla su yi aiki da hannunsu a gundumomin da ba su da likita, an kuma rubuta a cikinsa cewa zai fara aiki tun ranar da aka sa masa hannu. Kwamitin lafiya, mai mutum bakwai, zai saurari jama'a ranar Alhamis. Kowa minti uku.

"In ni kaɗai na yi magana, za su ce kujerata nake karewa," Twyla ta ce tana rufe jakarta. "Sai wanda ya gani da idonsa. Shi ya sa na ce Lorna."

Ba wanda ya yi gardamar zaɓin. Lorna ta yi shekara ashirin da shida a bayan kantar gidan waya, kuma ita ke karanta sanarwa a coci ba tare da takardar ta yi rawa a hannunta ba.

Da Twyla ta fita, Lorna ta ture jaridun ta ajiye tukunyar. Tana neman kwano a kabad ta ji muryarsa a bayanta.

"Ki ambaci sunana."

"Delmar."

"Na ce ki ambata. Delmar Voss, shekara tamanin da ɗaya, mil tara arewa da gari. Ki ce ba na iya cire takalmina. Ki ce a zaune nake barci tun Kirsimeti." Ya tsaya ya nemi numfashi. Idonsa na kan bango, ba a kanta ba. "Ki faɗa musu batun bokitin."

Lorna ta tsaya da kwanon a hannu. Bokitin na nan a bayan kujerarsa, tun da tafiya zuwa banɗaki ta gagare shi. Kullum da safe takan ɗauka ta fita da shi, ta wanke ta mayar, shi kuma ya yi kamar yana karanta jarida. Wata biyu suna haka, ko sau ɗaya ba wanda ya ambace shi. Shekara talatin da huɗu suna raba shinge ɗaya da mutumin nan, ba ta taɓa jin ya ce kansa na ciwo ba. Washegarin da aka binne Ardith, ta gan shi yana gyaran shinge, da ta tambaye shi yadda yake, sai ya ce ba laifi.

"Ka tabbata?"

"Ke, yarinya, in ba su ji wari ba ba za su motsa ba. Zuba miyar nan kafin ta huce."

Kwana uku ta yi tana rubutu. Shafi uku, da hannu. Ta riƙa karantawa a tsaye a kicin ɗinta da agogon dafa ƙwai, tana yankewa tana sakewa, har ya tsaya a minti biyu da daƙiƙa hamsin.

Tafiyar awa huɗu ce zuwa babban birnin jiha, Twyla ce ta tuƙa. Ɗakin zaman bai kai girman da Lorna ta zata ba, ga shi da ɗumi, har ta yi nadamar sa rigar ulu. Sanatoci bakwai na zaune a bayan dogon tebur mai lanƙwasa, kowa da kofin ruwa. A gabansu akwai ƙaramin tebur da kujera ɗaya da makirufo, sai wani akwati mai fitila uku: kore, rawaya, ja.

Wanda ya riga ta magana wani matashi ne daga jami'a, kuma goyon bayan ƙudurin ya zo yi. Ya zo da hotuna, aka haska su a bango. Ya ce mutanen yammacin jihar sun fi kowa ƙiba, sun fi kowa shan taba, sun fi kowa mutuwa da wuri. Ya kira su waɗanda aka manta da su. Sai ga babban titin Dunlow a bangon, an ɗauko shi daga ɓangaren da shaguna suka rufe. Sai ga wani gida da barandarsa ta rufta. Lorna ta gane shi nan take, gidan su Kucera ne, shekara ashirin ba kowa a ciki. Bai ɗauki makaranta ba, bai ɗauki furannin da mata suka shuka a gaban coci ba. Wata mata mai gyale mai tsada a layin baya ta ce, "Allah sarki," a hankali, amma Lorna ta ji. Wuyanta ya ɗauki zafi har zuwa kunne.

"Madam Lorna Pavlik."

Ta zauna, ta shimfiɗa takardunta. Fitila ta yi kore. Shugaban kwamitin, Sanata Brandvold, mai farin gashi da hannuwan wanda ya taɓa kiwo, ya leƙo ta saman tabarau.

"Daga Dunlow? Lallai kin sha hanya. Yaya mutanen can?"

"Lafiya lau, yallaɓai. Ba mu da abin kuka."

Bakinta ne ya amsa kafin ita. Amsar ke nan, ba ta san wata ba. A Dunlow in ƙanƙara ta kwantar da gonar mutum gaba ɗaya aka tambaye shi, cewa zai yi "da sauƙi". Ba ƙarya ake ɗaukar hakan ba, ladabi ne.

"Kun samu dusar ƙanƙara bana?"

"Kaɗan. Ta dai jiƙa ƙasa."

"Madalla, madalla. Muna sauraronki."

Ta karanta shafin farko, godiya ga kwamiti da yabon Twyla. Tana kai ƙarshensa fitila ta koma rawaya. Ta juya shafi. Ga sunansa a layin farko, da rubutun hannunta. Ga takalmin. Ga bokitin, wanda ta ja wa layi a ƙasa don ta tuna ta sassauta murya a wurin. Ta ɗaga ido. Ba a kashe hoton gidan su Kucera ba, yana nan a bango. Wata yarinya a gefe na buga duk kalmar da ta fita daga bakinta. Matar nan mai gyale ta karkato da kai, ta riga ta shirya fuskar tausayi.

Lorna ta juya shafin. Ta juya na ukun ma, ta gangara layin ƙarshe.

"Muna roƙonku ku duba wannan ƙuduri. Na gode."

Fitilar ba ta ma kai ga yin ja ba. Wata sanata a ƙarshen teburin, wadda Twyla ta ce tana tare da su, ta jawo makirufonta.

"Madam Pavlik, ki taimake ni. Akwai wani da kika sani, mutum guda, mai suna, da zai rasa kulawa idan ba a yi dokar nan ba?"

Ƙofa ce aka buɗe mata, kuma Lorna ta san ƙofa ce. Ta ji idon Twyla a ƙeyarta.

"To," ta ce, "mu dai a can muna kula da junanmu. Ba a taɓa barin kowa shi kaɗai ba."

Mutane suka gyaɗa kai. Sanata Brandvold ya yi murmushi ya dubi na kusa da shi.

"Abin da nake faɗa muku ke nan kullum game da mutanen yamma."

Suka yi awa biyu a hanyar komawa. Da suka tsaya shan mai, Twyla ta miƙo hannu ta taga.

"Ba ni takardar."

Ta karanta shafi ukun a tsaye a jikin famfo, iska na kaɗa gefunansu. Ta ninke su yadda ta same su ta mayar.

"Ya yi kyau. Da ma a can na ji shi."

"Twyla, ni ban san abin da..."

"Ɗaga gilashin, Madam Pavlik, akwai sanyi."

Tun Twyla tana 'yar makaranta tana zuwa sayen kan sarki rabon da ta kira ta haka.

Ranar Talata kwamitin ya kaɗa ƙuri'a. Huɗu da uku, aka ajiye ƙudurin sai zaman baɗi. Gidan rediyon manoma ya sa labarin da tsakar rana, bayan farashin kasuwa. Lorna na wanke kwano ta ji muryarta ta fito daga saman firji tana cewa ba a taɓa barin kowa shi kaɗai ba, sannan muryar shugaban kwamitin, cewa sun ji daga bakin mutanen karkara da kansu, don haka babu gaggawa.

Delmar bai taɓa barin labaran tsakar rana sun wuce shi ba.

Washegari ta dafa miya, ta taka har barandarsa, ta ajiye tukunyar a kan benci, ta ƙwanƙwasa, ta juya da sauri kamar wadda ta baro wani abu a wuta. Ranar da ta biyo baya ma haka. A rana ta uku ta tarar da tukwane biyun a inda ta bar su, miyar ta daskare. Ashe ko ƙofar ba ya iya kaiwa.

Ta tura ta shiga. Yana kan kujerarsa, bargo a gwiwa, gemunsa ya tsiro fari. Kusa da shi akwai fakitin biskit da ya ƙare. Warin ne ya fara tarbarta. Bokitin ya cika har baki, ya lulluɓe shi da shafin jarida, ya danne da takalmi ɗaya don kada ya zame.

"Na ji ki a rediyo," ya ce. "Bayan farashin maruƙa aka sa ki. Muryarki ta fita tas."

Ta ɗauki bokitin da hannu biyu ta fita da shi a hankali don kada ya zube. A bayan gida ta wanke shi sau uku, da ruwan da ke yanka hannu don sanyi, ta daɗe tana gogewa bayan ya riga ya fita. Da ta dawo ta ɗumama miya. Ya sha rabin kwano. Bai sake ta da maganar ba, ita ma ba ta iya ba.

A gari ba wanda ya ce mata komai, abin da ya fi damunta ke nan. Matar fasto ma har riƙe mata hannu ta yi a bakin coci ta ce ta fitar da su kunya a gaban manya. Lorna ta daina karanta sanarwa, ta ce maƙogwaronta ne.

Dakta Ostrander ya tafi ranar ƙarshe ta Maris, aka yi masa kek a ɗakin taron coci. Kafin ya tafi ya rubuta wa Delmar duk abin da doka ta yarda a rubuta a ajiye. Amma maganin da ke sassauta wa mai barin duniya numfashi da ciwo ba a rubuta shi a ajiye, sai lokacinsa ya zo. Twyla ta kira likita goma sha ɗaya a waya. Kowa ya yi mata magana mai daɗi, ba wanda ya yarda ya ɗora sunansa a kan ɗakin shan maganin da bai taɓa gani ba.

Ta ci gaba da zuwa kullum da yamma, a matsayin maƙwabciya kawai. Ta auna, ta saurara, ta gyara masa matashi. Cikin mako na biyu na Afrilu ruwan da ya kumbura masa ƙafa ya hau ƙirji. Lorna ta shigo da safe ta same shi ya kifa goshi a kan tebur, hannuwansa a baje, yana jan iska kamar mai zuƙa ta cikin tsumma. Leɓɓansa sun yi shuɗi.

Twyla ta zo cikin minti ashirin. Ta saurari bayansa, ta jawo kujera ta zauna daf da shi.

"Mista Voss, na san abin da kake bukata, na san yawansa, na san yadda ake ba da shi. Ba ni da ikon rubutawa. In na rubuta, mai kantin magani ba zai bayar ba. A nan, haka za ka yi ta yi har ƙarshe, kuma zai fi haka tsanani. A birni za su sauƙaƙa maka cikin awa ɗaya."

"A'a."

Kwana biyu ya yi a kan a'ar nan. Lorna na goge masa goshi, tana ba shi ruwa da cokali. A rana ta uku, wajen ƙarfe goma na safe, ya kamo hannun rigarta.

"Kira su."

Motar ɗaukar marasa lafiya ta 'yan sa-kai ce. Harlan mai shagon abincin dabbobi ne ya tuƙo, da ƙurar dusa a hularsa. Da suka fito da shi a kan gadon ɗauka, Delmar ya ɗaga yatsa, suka dakata a baranda. Ya dubi rumbun, ya dubi makiyaya, inda 'yan tsofaffin shanunsa tara da ya ƙi sayarwa ke kiwo can nesa. Sannan ya janye abin shaƙar iskar da suka sa masa daga bakinsa.

"Lorna. Ki biyo mu da motata. Da ita zan dawo."

Tun Janairu akori-kurar ke ajiye a rumfa. Sai a karo na uku ta tashi. Mil ɗari da arba'in Lorna ta bi bayansu, kujerar ta yi mata nisa da sitiyari, ba ta gyara ba.

A hawa na huɗu aka kwantar da shi, cikin rigar nan mai buɗaɗɗen baya. Tagar ɗakin na kallon rufin wani gini mai cike da injinan sanyaya ɗaki. Suka janye masa ruwa, numfashin ya ɗan daidaita, sai dai wani ciwo ya kama shi daga ƙirji zuwa kafaɗa. Wani likita mai ƙuruciya ya zo ranar Asabar ya ce in ya kai Litinin a haka, za a cike takardu a mayar da shi gida da magani.

Da likitan ya fita, Lorna ta matso da kujerarta.

"Me ya sa ba ka zage ni ba?"

"Numfashin bai isa ba. Tarawa nake."

"Delmar, don Allah."

Ya juyo da kai a kan matashi. Tun ranar rediyon bai dube ta ido cikin ido ba sai yanzu.

"Abin da ya fi komai yi mini wuya na ba ki. Ban taɓa ba wani irinsa ba, ko Ardith. Kika kai shi har can, kika dawo mini da shi a jaka."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ta ga bai kamata ta sa shi rarrashinta ba.

"Wataƙila ko kin faɗa ba za su canza ba," ya ce. "Wataƙila kuma da sun canza. Ni ba zan ce miki ba komai ba." Ya huta. "Amma da ni aka zaunar a kujerar nan, da hirar ruwan sama za mu yi ta yi har fitilar ta mutu. Haka aka haife mu, wawaye masu ladabi."

Wata nas ta shigo da 'yar na'ura a hannu, sunanta a rubuce a ƙirji, Marisol. Ta duba ledar ruwan, ta yi masa murmushi.

"Kaka, yaya ciwon? Daga ɗaya zuwa goma, nawa za ka ba shi?"

"Biyu," in ji Delmar. "Da sauƙi."

Nas ɗin ta soma dannawa. Lorna ta dubi hannunsa na hagu, wanda ke ɓangaren bango. Ya damƙe ƙarfen gadon har gaɓoɓin yatsun sun yi fari. Zufa ta jiƙa matashin a bayan kunnensa.

"Ƙarya yake yi," ta ce.

Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta so. Nas ɗin ta ɗago.

"Tara ne, ko goma. Dubi hannunsa. Tun safe yake riƙe da ƙarfen nan. Ya kwana uku bai runtsa ba, yana cije leɓe in ya zaci ba a kallonsa. Jiya ya jiƙa shimfiɗa don ya kasa juyawa ya danna ƙararrawa, ya ce mini ruwa ne ya zube. Mutumin nan ko ƙafarsa aka yanke biyu zai ce miki. Kada ki rubuta biyu."

Nas ɗin ta zagaya ta dubi hannun, ta goge abin da ta danna.

"Ina zuwa yanzu."

Delmar ya harari Lorna da iya ƙarfin da ya rage masa.

"Ke wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa."

"Mai bakin tsiya."

Aka zo aka sa masa allurar a cikin ruwan. Lorna na kallo yatsun suka saki ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, hannun ya kwanta a kan zanen gado, tafinsa a sama. Fuskarsa ta warware. Ya yi barci, barcin kwance, wanda rabonsa da shi tun Kirsimeti.

Bai sake magana ba. Ranar Lahadi wajen ƙarfe uku na rana tana zaune tana kallon wata tattabara da ke yawo a tsakanin injinan rufin can, sai ta lura ɗakin ya yi shiru, ba ta ƙara jin numfashinsa. Ta danna ƙararrawa.

Suka ba ta kayansa a farar leda: takalma, wando da bel ɗinsa a jiki, tabarau, haƙoran roba a ɗan akwati. Mai ɗaukar gawa na Dunlow ya ce sai Talata zai zo ya ɗauko shi. Ta kira Twyla daga wurin ajiye motoci ta faɗa mata. Twyla ta ce, "Ki tuƙa a hankali, Lorna."

Rana ta yi ƙasa sosai lokacin da ta bar kwalta ta hau hanyar tsakuwa. Ta wuce ƙofar gidanta ba ta tsaya ba, don ta mayar da motar rumfarta. Tana karya kwana ta bi jikin shingen makiyaya sai ta ga wata saniya ta ɗaga kai. Sai ta biyu. Wata uku ke nan Harlan ke kawo musu ciyawa da tarakta, amma ƙarar injin nan daban ce. Suka taso daga can ƙasan kwari su tara, tsofaffi, wata na ɗingishi, suna sassarfa suna kuka, suka bi motar ta cikin shinge har bakin rumfa.

Lorna ta kashe injin. Ba ta fita ba. Shanun suka jeru a jikin waya, tururi na fita daga hancinsu, duk sun zuba ido ga ƙofar direba suna jira a buɗe.